Baƙi Goma a Kurmin Lulluɓi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ba ƙafa haƙurin taka ta, ya halicci harshe, ya bar mai shi da wahalar riƙe shi. Bayan haka, ni ce Kyallu 'yar Makau maƙeri, ta garin Tungar Gawo. Tun ina ƙarama ba na jin murya sau biyu in kasa mayar wa mai ita da abarsa. Na sha duka a kan haka, ban daina ba.

Wata goma sha ɗaya muka yi a hanya, ni da Inna Yalwa, yayar mahaifiyata. Mun ƙetare Filin Toka, inda ake tafiyar kwana tara ba inuwa. Mun sauka a Birnin Tagogi, inda gidaje ke juyawa suna bin rana. Mun hau Dutsen Hayaƙi da hannu da gwiwa. Duk wannan don neman irin geron nan mai nuna cikin kwana arba'in, saboda damina ta gajarce a garinmu har gero ya daina kai ƙarshe. Mun samu irin. Yana cikin ɗan gora, Inna ta ɗaure shi a ƙugunta, ko wanka za ta yi ba ta kwance shi.

Saura komawa gida, hanyar kuwa ɗaya ce: jirgin da ke tashi daga Mashigin Dorina. Na ƙarshe a shekarar zai tashi ran nan da la'asar. Bayansa ruwa zai janye, duwatsu su fito, sai kuma baɗi. Waɗanda suka ba mu irin sun ce ba ya wuce shekara da rai. Inna ta ce ita ma ba ta jin za ta wuce.

Tsakaninmu da mashigin akwai Kurmin Lulluɓi. Itatuwansa sun haɗa kai a sama, rana ba ta isowa ƙasa sai ɗigo-ɗigo kamar ta cikin rariya. Saiwoyin kuma tafiya suke yi a hankali, hanyar da aka bi jiya yau ta koma wani wuri. Baƙo ba ya ratsa shi sai da rakiyar 'yan ciki. Ƙauye uku ne a jere, kowanne ya ciyar da kai, ya raka ka iyakarsa, ya miƙa ka ga na gaba. Aka ce mana in mun yi sammako, kafin azahar muna bakin ruwa.

A ƙauyen farko wata mata ce ta karɓe mu, Dela. Gajera ce, mai wushirya, maganarta kamar ana zuba tsakuwa a ƙwarya. Ko da namiji take magana sai ta rufe da "ke dai bari", dariyarta kuma tana ƙarewa da wani ɗan shaƙuwa, hik. Ta kawo mana wainar naman kaza, wannan da ke tsirowa a gindin itace, wanda ɗaya a wurinsu ya kai faifai, ta tsiyaya mata baƙar zuma, ta haɗa da kunun kanya. Inna ta kurɓa, idonta ya rufe da kansa.

"'Yar nan, kunun nan kwana ya yi?"

"Kwana uku, Iya, don girmanki. Na jiya ai yara ake ba, ke dai bari!"

Ta zauna ta juya mana baya, tana yi wa Inna bayanin ƙa'idodin kurmi. Ni ma ina sauraro, sai dai muryar nake sauraro, ba maganar ba. Kafin mu gama wainar na riga na sa Dela a aljihu, har da shaƙuwar.

Muka kama hanya, tana gaba muna biye. Akwai birai masu farin gemu da ke sunkuyar da kai in an wuce, akwai furanni da ke rufewa in mutum ya yi tari. Da a watan farko ne da na tsaya kallo. A wata na goma sha ɗaya abin da nake kallo kawai dugadugan Inna ne, sun tsattsage kamar bakin tafki da rani. Ba ta magana sai "wash" a kowace gangara.

Da hantsi muka iso wani rimi mai farin ƙyalle a ɗaure. Nan ne iyaka, ɗan ƙauye ba ya ƙetare ta. Daga gindinsa an ja igiya zuwa ƙauye na gaba, baƙo ya riƙe ya bi. Dela ta kewaye bakinta da hannu biyu.

"Hakama ta Rafin Sanyi! Baƙi biyu, ki ɗora tukunya!"

Daga can nesa wata murya ta amsa, "Na jiii."

Dela ta yi mana sallama ta juya. Ni kuwa wainar nan ba ta riƙe ni ba, ga maƙogwarona yana ƙaiƙayi da sabuwar murya. Ganye na rufe bayanta na kewaye bakina.

"Da wasu takwas a baya, ke dai bari! Hik!"

"Na jiii."

Inna ta tsaya, hannunta a kan igiya. "Me kika yi?"

"Miya na ƙara mana, Inna."

"Ba ki ji abin da matar nan ta ce a kan ƙwarya ba?"

"Wace ƙwarya?"

Ta dube ni irin duban da ake wa kaza ta shiga ɗakin baƙo, ta ci gaba da tafiya.

A Rafin Sanyi na ga amsar da idona. Mutanen kurmi ba su cika ganin juna ba saboda duhu, murya ce shaidarsu, abin da murya ta faɗa an gama. Hakama, wata doguwa mai jan magana kamar tana saƙa ta, ta jera ƙwarya goma a kan tabarma. Kowace cike da faten gwaza da kifin kogo, wanda suke kamawa a ruwan da ke taruwa cikin kogon itace. Gefen kowace ƙwarya ga gora ɗaya na maɗin ɗinya.

"Sannunku… da… hanya. Ina… sauran?"

Inna ta buɗe baki, na riga ta. "Suna rafi suna wanke ƙafa. Amma Yaya, in da a ce ba su zo ba fa?"

"Abin da aka zuba da sunan baƙo… ɗan gari ba ya taɓawa. Ba a kuma rakiya… sai kowace ƙwarya ta dawo wayam. In ba su zo ba… ku zauna ku cinye. Ko kwana uku ne… ba ma gajiya da baƙi."

Hakama ta je ta zauna tana fuskantar wata bishiya, ta ba mu baya, don a wurinsu abin kunya ne a kalli baƙo yana cin abinci. A nan dabara ta zo mini. Na tattaka ƙasa da ƙafa, na karkaɗa ganye, na yi sallama da muryar wani falke da muka haɗu da shi a Filin Toka, mai murya kamar ganga. Na amsa wa kaina da muryar wata tsohuwa marar haƙori ta Birnin Tagogi. Na kawo mai i'ina, na kawo wasu 'yan'uwa mata biyu da ba sa zama ba faɗa, na kawo malami mai gyaran murya kafin kowace kalma, da mai sayar da gishiri, da wani kurma da ke amsa abin da ba a tambaye shi ba. Duk na zaunar da su, suka fara santi.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta tsinko ganyen ayaba, ta shiga ƙunshe faten ƙwarya bayan ƙwarya, ta juye maɗin a salkarmu, ta tattara duka a mayafina ta ƙulle.

Ta raɗa mini, "Ba za a zubar da abincin Allah ba. Ke kika kira su, ke za ki ɗauke su."

Hakama ta ce, "Baba mai babbar murya… gishiri ya ji?"

"Ya ji, uwar gida, Allah ya ƙara auki!" in ji falke, da bakina cike da nawa faten.

Na ɗauka da mun tashi an gama. Ashe mai rakiya ma ba ya waiwaye, wai waiwayen baƙo kamar gaya masa ne ka ƙosa ya tafi. Hakama ta shiga gaba, ni ina baya da abincin mutum takwas a ka da hirar mutum takwas a baki. Hanyar hawa ce. Romon kifi yana ɗiga ta cikin mayafi yana bin wuyana, ƙudajen kurmi suna yi mini rakiya tasu daban. In na yi shiru in ja numfashi sai Hakama ta ce, "Baƙi… lafiya?" Dole 'yan'uwan nan su koma faɗa. Falke ta fi so. Ta tambaye shi garinsu, ta tambaye shi abin da yake fatauci, ta tambaye shi ko yana da iyali. Muryarsa kuwa ita ta fi cin maƙogwaro.

Da muka iso rimi na biyu rana ta riga ta karkata. Hakama ta ɗaga hannu za ta kewaye baki. Na hango wata ƙwarya goma na jiranmu a gaba. Inna ta zame ta zauna a kan saiwa.

"Hakama, tsaya. Mu biyu ne."

"Na sani… Iya." Ko juyowa ba ta yi ba. "Mutum goma… da ƙafa huɗu?"

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun da mai i'ina… ya manta… ya yi magana sarai."

"Shi ne kika bar ni ina ta kashe kaina?"

"Ƙwarya dai ta dawo wayam… sauran ba ruwana. Rabon da in yi hira haka… tun bara." Ta sauke hannunta. "Amma falken nan… da gaske akwai shi?"

"Akwai shi, Yaya. Sai dai ba ya wanka."

"Kash," in ji ta. Ta kira ƙauye na gaba, ta ce baƙi biyu.

Inna ta yi azahar a zaune, muka kama igiya. Na so in ba ta haƙuri, na rasa da wace murya zan fara.

Ƙauye na uku, Kwarin Zuma, wani tsoho ne ya tare mu, Baba Nomau, mai kula da amya. Siriri ne, hannuwansa duk tabon harbin zuma. Allah ya taimake mu abincinsa kaɗan ne: gasasshiyar doyar daji, saƙar zuma a kan ganye, da ruwan tsamiya mai sanyi a tulu. Yana cikin zuba mana da ludayi na sauke kayan kaina, wuyana ya yi ƙara. Bakina ya gaji har ya manta muryar wa ke kansa.

"Wayyo wuyana, ke dai bari! Hik!"

Ludayin ya faɗi cikin tulu.

"Auta?" Ya duba bayana, ya duba cikin ganye. "Wa ya yi maganar nan?"

Inna ta ce, "Yarinyar nan ce, Malam, ka yi haƙuri. Haka Allah ya jarrabe mu da ita. Muryar wata ce da ta ba mu kunu da safe."

Ya zauna a ƙasa a hankali. Dela 'yarsa ce, autarsa. Amarya kaɗai ke ƙetare iyaka a kurmin nan, sau ɗaya, ranar da aka kai ta. Shekara goma sha biyu ke nan. Kira kuma iyaka ɗaya yake ƙetarewa, ba ya kai biyu.

"Saƙonta na zuwa," in ji shi, "amma da bakin Hakama. Kun dai ji Hakama. Kafin ta gama cewa tana gaishe ka, an yi girbi." Ya dube ni kamar mai roƙon wuta. "Ƙara faɗin wani abu."

Na dubi Inna. Ta ce, "Yi masa. Amma muna tafe, Malam, jirgi muke bi."

Muka share ƙwaryarmu a tsaye, na mayar da kaya ka, ya shiga gaba. Tun daga taku na farko ya fara hira, ba da ni ba, da 'yarsa.

"Auta, har yanzu kina tsoron ƙudan zuma?"

"Ni? Su dai ke tsorona, Baba, ke dai bari!"

Ya yi dariya har da tari. Ya ba ta labarin amyar da ta faɗo, da wanda ya rasu, da wanda ya haihu, da haƙorinsa da ya fita. Abin da na gani a gidanta da safe na faɗa masa, abin da ban gani ba na ƙaga. Maƙogwarona kamar na haɗiye ƙaya, amma yadda bayan tsohon nan ya miƙe, ban iya dainawa ba.

Muka wuce wani kututture mai kama da raƙumi a durƙushe. Muka yi ta tafiya. Muka sake wuce wani kututture mai kama da raƙumi a durƙushe, na ce a raina raƙuman kurmin nan da yawa suke. A karo na uku na ga ɗigon romon kifina a kan ganyen da ke gefensa. Ɗigon hasken da ke saukowa ta sama ya riga ya zama ruwan ɗorawa. A nan gwiwar Inna ta ƙi, ta durƙusa, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan goran iri.

Na ce da muryata, "Baba, zagaye kake yi da mu. Jirgi zai tashi."

Kamar da itace nake. Tafiyarsa yake yi a hankali, yana jiran Dela ta amsa masa tambayar da ya yi.

Inna ta ce, "Malam Nomau, ka ji tsoron Allah."

"Kusa ne, kusa ne," in ji shi. "Auta, ba ki gaya mini sunan ƙaramin ɗanki ba."

Na tsaya. Duk shekarun da na yi ina kwaikwayon mutane, don dariya nake yi. Wannan ban so shi ba ko kaɗan. Na tattaro ragowar maƙogwarona, na saki Dela gaba ɗayanta.

"Baba! Wannan wane irin abin kunya ne? Tsohuwa na bayanka gwiwarta ta ƙare, kana zagaye da ita kamar akuya a turke? Ni na ba su kunu da hannuna, na miƙa su, a ce a hannun ubana suka lalace? In labarin nan ya iso mini ina zan sa fuskata? Ka kai su bakin ruwa yanzun nan!"

Ban yi shaƙuwar ba. Babu dariyar da za ta ɗauke ta.

Ya tsaya cik. Kafaɗunsa suka sauko, bayan nan da ya miƙe ya koma yadda muka same shi.

"To, Auta," in ji shi. "To."

Ya sa hannu ya yaye ganyen da ke hagunmu. Haske ya buge mu. Ga rimi mai farin ƙyalle, ga gangara, ga kogi shimfiɗe, bai kai jifa biyu ba. Tun ɗazu muna jin ƙararsa, na ɗauka iska ce.

Na ɗaga Inna, muka wuce shi. A gindin rimin ya tsaya, idonsa a ƙasa.

"'Yar nan." Karo na farko ke nan da ya yi magana da ni. "Da taki muryar. Ta rame?"

"Ba ta rame ba, Baba." Abin da ya fito kamar kukan ƙofa ne. "Kununta dai tsami."

"Haka na uwarta," in ji shi.

Muka gangara. Jirgin ya riga ya bar gaɓa, matuƙin ya kafa gorarsa yana turawa, tsakaninsa da tudu ya kai tsawon mutum huɗu. Na buɗe baki in yi kira. Ina da falke mai muryar ganga, ina da mai gishiri da ake ji daga ƙarshen kasuwa, ina da mutum ɗari a cikin wuyan nan. Iska ce kawai ta fito. Na sake gwadawa, ko tawa babu.

Inna ba ta ko dube ni ba. Ta kwance goran iri daga ƙugunta, ta ɗora a ka, ta ɗaure da ɗankwali. Matar da tun safe ba ta taka gangara ba sai da "wash", ta tattare zane ta faɗa ruwa. Ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Ta miƙa hannu ta cafke gefen jirgin.

"Iya, saki!" in ji matuƙin. "Za ki kifar da mu!"

"Sai dai mu kife tare, ɗan nan."

"Jirgi ya cika!"

"To rage gemunka, mu samu wuri."

Mutanen ciki suka fashe da dariya, wasu maza biyu suka kama ta suka ja ta ciki tana zubar da ruwa. Ni ma na biyo da faten mutum takwas a ka, aka jawo ni kamar buhu. Abu na farko da Inna ta yi, ta kwance goran, ta girgiza shi kusa da kunnenta. Irin ya amsa, a bushe. Sai ta jingina da kafaɗar wata mata da ba ta taɓa gani ba, ta rufe ido.

Na waiwaya. Baba Nomau na nan a gindin rimi, bai koma ba, bai kuma ƙetare ba. Na ɗaga masa hannu. Ban sani ba ko ya gani, mutanen kurmi ba su saba duban nesa ba.

Kwana uku muka yi a kan ruwa, kwana ukun nan ko tari na yi ba ya fita da sauti. Da muka isa gida mata suka kewaye Inna, suna tambayar ta a duk ƙasashen da ta gani wanne ya fi daɗi, Birnin Tagogi ko Dutsen Hayaƙi. Ta miƙe ƙafafunta a kan tabarma, ta nuna ni da haɓa.

"Cikin jirgi," in ji ta. "Kwana uku, ba wanda ya ce mini komai."

Nan tafiyar ta tsaya, nan ma alƙalamina. Wanda ke gida Allah ya bar shi da inuwarsa, wanda ke hanya Allah ya sauke shi da sauran ƙafa.